Kyanwar da Gulbi Yake Yi wa Wasa

Ba ni na neme ta ba. A cikin jirgi ta zo, ƙarƙashin katakon da fasinjoji ke ɗora ƙafa, tsakanin buhunan albasa. Mai jirgin ya taso daga wani tsibiri ta wajen Ngaski, injinsa na tari tun a hanya, da ƙyar ya kawo shi bakin ruwan Yelwa inda shagona yake. Ina durƙushe ina kwance injin sai na ji wani ɗan kuka siriri. Na ɗaga katakon, sai ga 'yar kyanwa ruwan toka, ƙafafunta farare kamar ta taka gari, ta jiƙe sharkaf, tana kallona ba ko ƙiftawa.

Na ce da mai jirgin, "Taka ce?"

Ya leƙo, ya girgiza kai. "Ni dai ban ɗauko ta ba. Ita ta ɗauko kanta."

Ya tambayi masu albasa, kowa ya ce ba tasa ba ce. Da injin ya tashi, jirgin ya juya ya kama hanya, na koma shago na tarar da ita bisa teburin aikina tana lasar ƙafa, kamar ta daɗe da sanin wurin.

Gyaran injin jirgi shi ne sana'ata. Shagon ɗaki ɗaya ne na bulo da rumfar kwano a gaba, ƙofarsa na kallon yamma, wato tana kallon gulbi. Idan ruwa ya cika, daga bakin ƙofa kana iya jefa tsakuwa ta faɗa ciki. A shekarun nan aiki ya yi mini yawa. Kafin in sallame sallar asuba waya ta fara ƙara: wannan injinsa ya mutu a Wara, wancan farfelarsa ta karye a Shanga, wani yana tsakiyar ruwa da fasinjoji yana so in gaya masa abin da zai taɓa. In ɗaure jakar sifanu a bayan babur in tafi, in dawo in tarar da wasu suna jira a rumfa. Maiɗakina ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Shanga, sai ƙarshen mako take dawowa, ita ma a gajiye. Saboda haka kyanwar ta zama ta shago. Ina zuba mata warangi, waɗannan ƙananan kifayen da mata ke shanyawa a bakin ruwa, in cika mata gwangwani da ruwa. Ta girma, ta yi sheƙi, ɓeraye suka daina cin wayoyin injuna. A ganina mun gama da juna ke nan.

Akwai abin da yake faruwa a shagon kullum bayan la'asar, a watannin da ruwa yake cike. Idan rana ta karkata ta tsaya bisa gulbi, haskenta yakan bugi ruwa ya taso, ya shigo ta ƙofa, ya kwanta a bangon baya da ƙarƙashin kwanon rufi. Ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana rawa, yana tsinkewa yana haɗuwa, kamar tarun zinariya da wani ke girgizawa a hankali. In jirgi ya wuce, igiyar ruwan da ya bari takan sa hasken ya yi ta gudu daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ya lafa. Na yi shekaru a shagon, idona ya saba da shi har ya daina ganinsa. Ita kuwa sabo ta gan shi.

Takan laɓe bayan galan ɗin mai, kunnuwa a kwance, ƙugu na rawa, sai ta daka tsalle ta dafe bango da ƙafafu biyu. Ta ɗaga ƙafa ta duba abin da ta kama, babu komai, hasken ya riga ya hau bayanta. Ta juya ta bi shi bisa tebur, ta ƙetare tsofaffin injuna, ta hau kanta, ta faɗo, ta sake hawa. Sai rana ta faɗa bayan tsibirai, bango ya koma bango, sannan ta zo ta cinye waranginta ta miƙe a bakin ƙofa tana numfashi. Nakan gan ta ta gefen ido, hannuna cikin inji, in yi murmushi in ci gaba da aiki.

Sai bazara ta shigo. Duk shekara ruwa yakan ja da baya idan zafi ya tsananta, amma a waccan shekarar ya yi nisa ƙwarai. Inda jirage ke tsayawa ya zama fili, ciyawa ta tsiro, shanun Fulani suka sauko suna kiwo, mutane suka fara tayar da kunyoyi suna shuka. Gulbin ya koma wani farin zare can nesa. A baro ake turo mini injuna daga inda jirage suka koma tsayawa. Aiki kuwa ya ninka, don ruwa ya yi ƙasa, farfeloli sai dukan yashi da kututture suke yi.

A lokacin ne halin kyanwar ya sauya. Ta fara da turo notina daga tebur ɗaya bayan ɗaya, tana kallona, har su faɗa cikin kwanon fetur ɗin da nake wanke kaya. Ta yayyage soson kujerar babur. Ina wucewa ta kai wa agarana cizo, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga baya kuma ta bar duk wannan, ta haye bisa wani mataccen inji a kusurwa ta kwanta, ta wuni ba ta motsa ba. Warangi ya kwana a kwano tururuwa na ja. Gashinta ya dusashe.

Maiɗakina ta zo ranar Asabar, ta ɗaga ta, ta buɗe mata baki, ta duba ido, ta latsa ciki.

Ta ce, "Ni mutane na sani, Maigida. Amma ban ga alamar ciwo ba. Ka kai ta wurin likitan dabbobi, kada ta mutu maka a shago."

Na saka ta a kwali na kai ta. Likitan ya duba, ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya ce shi ma bai ga wani abu ba. Na dawo da ita, ta koma bisa injinta.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyata, ta zo. Ƙauyenmu yana ƙasar Ngaski, cikin garuruwan da aka gina wa mutanen tsibirai lokacin da aka gina dam aka tare ruwa aka tashe su. Gwiwa ce ta dame ta, muka ce ta zo Yelwa a duba ta, ta ɗan zauna tare da mu. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba; "kai" ne, ko "wanga yaro", ko da furfura ta fara fito mini. Ta kwana biyu a gida ita kaɗai, ta ce ba za ta iya zaman kallon bango ba. Na riƙa ɗauko ta a babur da safe, in shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofar shago, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu, tana amsa gaisuwar masu jirage. Ba ta cika magana ba. Kallo take yi.

Wata rana bayan la'asar, ina fama da wani inji da ya ƙi shan mai, sai na ji ta ce, "Kai. Wagga mussa taka, mi taka jira?"

Mussa take ce wa kyanwa, kamar yadda tsofaffinmu ke faɗa.

Na ce, "Ba ta da lafiya ne, Inna."

"Ba ciwo na ba. Duba ta dai."

Na ɗago kai. Kyanwar ta sauko daga kan injin, ta zauna a gaban bangon baya, ta naɗe wutsiya a ƙafafunta, ta kafa wa bangon ido. Babu ƙadangare, babu ko ƙuda.

Inna ta ce, "Jiya ma haka ta yi, shekaranjiya ma. Da an sallame la'asar sai ta sauko ta zamna nan. In rana ta faɗi ta koma. Wanda ka yin haka, wani shika jira."

Na tsaya da sifana a hannu ina kallon bangon, sai na ga abin da babu. Na gaya wa Inna labarin hasken, yadda yake shigowa, yadda kyanwar ke bin sa. Ina faɗa ina jin abin yana warware mini a kai: ashe duk watannin nan gulbi ne yake yi mata wasa. Da ya ja da baya ya tafi da abokin wasanta, ita kuma kullum tana zuwa wurin da suka saba haɗuwa.

Inna ta waiga ta duba cikin shagon. Sannan ta nuna wata babbar tasa ta silba da nake tara tsofaffin filogi a ciki.

"Zubar da tarkacen nan, ka wanke ta, ka ciko min da ruwa."

Na yi yadda ta ce. Ta sa na ajiye tasar a gefen tabarmarta, inda rana ke sauka, ta yi ta cewa in matsar nan, in karkata can, har wata farar da'ira ta bayyana a bangon baya. Kyanwar ta ɗaga kunne. Ta matsa, ta shinshina ta, ta taɓa da ƙafa. Hasken bai motsa ba. Ta juya baya za ta tafi.

Sai Inna ta tsoma yatsa a ruwan ta kaɗa.

Da'irar ta fashe. Haske ya watsu a bango, ya hau rufi, ya zubo, ya shiga rawa kamar dā. Kyanwar ta ƙame, bayanta ya tashi, idanunta suka zama baƙaƙe wuluk, sai ta daka wani tsalle da ya kai ta kusan rabin bango. Ta faɗo ta sake tashi. Ta ture gwangwanin notina, suka watse a ƙasa, ban ko sunkuya ba. Inna tana dariya har tana riƙe gwiwa, irin dariyar da na manta rabon da in ji daga bakinta. A yammacin nan kyanwar ta cinye abin da ke kwanonta, ta lashe kwanon.

Washegari da lokacin ya yi, Inna ta ce sunkuyon jiya ya tayar mata da baya.

"Yau kai za ka kaɗa."

Na ce, "Inna, ga mutum yana jira."

Wani dattijon mai jirgin fito ne zaune a rumfa, injinsa a buɗe bisa tebur. Inna ta dube shi.

"Malam, injin nan naka, in an bar shi kaɗan, shina gudu?"

Dattijon ya yi dariya. "Da yana gudu, Inna, ai da ban kawo shi ba."

"To ka ji. Zamna."

Na zauna a ƙasa, na kife waya bisa tabarma. Na tsoma hannu a tasar ba tare da na wanke ba, baƙin man da ke yatsuna ya bazu a kan ruwan, sai hasken da ya hau bango ya fito da ɗan launi a gefensa, kore-kore, shuɗi-shuɗi, kamar wuyan tantabara. Na gane in na kaɗa da ƙarfi hasken yakan tarwatse har ta rasa wanda za ta bi. In na taɓa a hankali da kan yatsa, sai ya yi ta rarrafe a gindin bango kamar abu mai rai, ita kuma ta kwanta ta bi shi da ciki, taku ɗaya-ɗaya. Na koyi tsayawa cik don ta ɗauka ta kama, sannan in sake shi. Ruwan da sanyi. Kafaɗuna, waɗanda ashe a ɗaure suke tun safe, suka sauka da kansu. Wayar ta yi ta gurnani a kife, ina jin ta kamar daga wani gari.

Inna tana kallon rufi. Can sai ta fara magana, ba da ni ba, ba da kowa ba.

Ta ce a tsibirin da aka haife ta, ɗakin innarta yana dab da ruwa, kuma irin wannan hasken yakan shigo ta ƙofa ya hau jinkar ɗaki. Tana ƙarama akan kwantar da ita bisa tabarma, innarta na gyaran kifi a waje, ita kuma ta yi ta miƙa hannu tana son kamawa. Ta ce ta ɗauka kifaye ne suke iyo a sama, har ta taɓa tambaya me ya sa ba sa faɗowa. Akwai wata kuka a bayan ɗakin, da wani faffaɗan dutse inda mata ke wanki. Da aka tashe su aka kai su tudu, sabon ɗakin ba ya ganin ruwa, hasken bai biyo su ba. Ta ce ba ta sake tuna shi ba sai jiya.

Dattijon mai jirgi ya matso har bakin ƙofa yana saurare. Ya tambaye ta sunan tsibirin, ta faɗa. Ya ce ya san wurin, yana wucewa ta kai. Bana da ruwa ya yi ƙasa haka, har kan wani dutse ya fito. Daga nan ya naɗe hannun riga ya ce in matsa shi ma ya kaɗa. Sai da rana ta faɗi muka koma kan injinsa, kuma abin da ya gagare ni tun hantsi, wata 'yar ƙofar mai da ta toshe, na gan shi da buɗewar farko.

Tun daga ranar abin ya zama al'ada. In na dawo daga masallaci da la'asar, sai in ciko tasa. Ba dogon lokaci ba ne, bai fi a sha shayi a tashi ba. Masu jirage suka saba. Wanda ya zo a lokacin ya san zai jira, wasu ma don kallon suke zuwa. Ranar da hadari ya rufe rana, na ɗaura gashin zabuwa a bakin zaren fatsa na riƙa ja mata a ƙasa. Wani masunci ya kawo mata guntun silifa irin wanda suke ɗaurawa a taru don ya taso, ta yi ta buga shi tsakanin ƙafafun tebur. Na lura in ta gama bin haske tana son ta kama wani abu da haƙori, don haka nakan jefa mata warangi ɗaya a gindin bango a ƙarshe, ta danne shi tana gurnani kamar ta kayar da giwan ruwa. Cizon agara ya ƙare. Gashinta ya dawo. In tafiya ta kama ni zuwa Wara ko Shanga, sai in ga ina duban rana, ina lissafin ko zan iso kafin ta karkata.

Maiɗakina da ta ji labari dariya ta yi. Ta ce, "Babban mutum da kai, ka zauna a ƙasa kana kaɗa wa kyanwa ruwa? Allah ya sa marasa lafiyata kada su ji."

Gwiwar Inna ta yi sauƙi, ta fara zancen komawa gida don shuka ta kusa. Ana saura 'yan kwanaki ta tafi, muna zaune da yamma, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Dutsen nan da Malam ya ce ya fito. Da nisa?"

Ranar Asabar na rufe shago, abin da ban saba yi ba in ba Sallah ba. Kyanwar na kai ta gida na bar wa maiɗakina. Dattijon ya ɗauke mu a jirginsa, ni da Inna, muka yi kudu. Ruwan ya kwanta lumui, sama da gulbi launi ɗaya, har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Muka wuce masunta tsaye a kwalekwale suna jefa birgi, wato tarun jifa, muka wuce balbelu jere bisa yashi. Tsibirai suna tasowa daga nesa kamar ba su taɓa ruwa ba, mu matso su sauka, mu wuce su sake tashi. Inna ta zauna a tsakiya ta riƙe gefen jirgi, mayafinta na kaɗawa.

Can dattijon ya kashe inji, ya ɗauki gora ya riƙa tura mu a hankali. Ga dutsen nan, baƙi, faffaɗa, bai fi tabarma biyu ba abin da ya fito, tsuntsaye sun yi masa fari-fari. Babu kuka, babu alamar ɗaki, ruwa ne ko ta ina. Ya matsar da jirgin har gefensa ya gogi dutsen. Inna ta miƙa hannu ta dafa shi, ta daɗe a haka.

Na ce, "Shi ne, Inna?"

Ta ce, "Ban sani ba. Wancan ya fi wanga girma." Sannan ta ƙara, "Ko kuwa ni ce ƙarama."

Ta ɗebi ruwa ta wanke fuska, ta yi wa iyayenta addu'a, muka shafa. Dattijon ya kwance ƙunshin soyayyen kifi da ya zo da shi, muka ci a nan, jirgin na lilo da mu. Inna ta nuna wani wuri a kan ruwa ta ce nan ne ɗakin, ta nuna wani ta ce nan awaki ke kwana, dattijon na gyaɗa kai kamar yana ganin su. Ni ma na duba har na fara ganin kamar akwai wani abu a ƙasa, amma inuwar jirginmu ce. A hanyar dawowa ta yi barci zaune, kanta bisa kafaɗata.

Mun iso gida rana ta yi sanyi. Na yi sallama ba a amsa ba, sai muka ji ana ƙyalƙyala dariya daga tsakar gida. Muka shiga. Maiɗakina ce kwance rub da ciki bisa siminti, ɗankwali ya zame, ta ɗaura tsinken tsintsiya a bakin zaren ɗinki tana ja ta ƙarƙashin turmi, kyanwar ta laɓe bayan tulu tana karkaɗa ƙugu. Tukunya na kan murhu, wutar ta daɗe da mutuwa. Da ta gan mu ta yi wuf ta tashi tana gyara ɗankwali.

"Sannu da zuwa, Inna. Wallahi yanzu nake cewa in ɗora tuwo, ita ce ta hana ni."

Inna ta cire takalmi, ta nemi kujera ta zauna, ta miƙe ƙafa.

Ta ce, "Tuwo shi jira, ɗiyata. Ja mata, ga ta can tana kallon ki."